Sarkin Kano Kanajeji, Wanda Ya Ta Da Tsafin Kakanninsa

A cikin sarakunan Kano na Haɓe akwai waɗanda sunansu ya ke bakin kowa, kamar su Bagauda da Yaji da Muhammadu Rumfa. Akwai kuma waɗanda malaman makaranta su kan karanta sunansu cikin jerin sarakuna su wuce da hanzari, ko don lokaci ya ƙure, ko kuwa don labarin yana da nauyin faɗi gaban yara. Sarki Kanajeji ɗan Yaji yana cikin kashi na biyu. Shi ne sarki na 13 daga Bagauda, ya yi shekara 20 bisa gadon sarauta, watau daga 1390 zuwa 1410 bisa lissafin da aka saba bi. Ubansa ne ya karɓi malaman Musulunci ya tsai da salla a Kano, ɗansa kuwa malami ne wanda ya ajiye sarauta don tsoron Lahira. Amma shi da ya ke tsakaninsu, sa'ad da yaƙi ya ƙi masa, sai ya koma gindin itacen tsafi. Mun ga ya kamata mu kawo labarinsa filla-filla, tun ba ga jama'armu na kudancin Kano ba, mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, gama manyan yaƙe-yaƙensa biyu duk a ƙasashen maƙwabtansu aka yi su.

Labarin ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya fara daga Barbushe ya tsaya a zamanin Sarki Muhammadu Bello, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature, H. R. Palmer, ya juya shi cikin Ingilishi a shekara ta 1908, shi ne kuma ya ƙididdige shekarun sarakunan bisa lissafin Turawa. Daga baya aka juya shi cikin Hausa a Zariya, aka sa shi a littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Kano Kafin Kanajeji

Tun kafin zuwan Bagauda mutanen da ke zaune kewaye da Dutsen Dala suna da abin bautarsu, sunansa Tsumburbura. Wurinsa gindin wani itace ne da aka kewaye da bango, ba mai shiga ciki sai babban matsafinsu, Barbushe. Shekara-shekara su kan taru daga ko'ina su kawo baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuru a yanka, Barbushe ya shiga shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da zai auku cikin shekara. Sarakunan gidan Bagauda baƙi ne, mulki yana hannunsu, amma asirin ƙasa yana hannun masu itacen nan. Sabo da haka aka yi shekaru ɗaruruwa ana zaman doya da manja tsakanin fada da matsafa.

Kakan Kanajeji, Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya gaji da wannan zama. Ya tara mayaƙa ya auka wa wurin tsafin, ya rushe bangon, ya lalata abin da ke gindin itacen. Matsafa suka watse, sai kaɗan da suka tsaya. Waɗannan ya ritsa su suka gaya masa asirin abin bautarsu, sa'an nan ya naɗa su sarautu, a ciki har da Sarkin Tsibiri. A lura da wannan da kyau. Tsamiya ya rushe gini, amma ya bar itacen a tsaye, ya kuma jawo mai tsaronsa ya ba shi rawani.

A zamanin Yaji ɗan Tsamiya, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, su kamar 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka umurci sarki da salla, ya karɓa. Ya naɗa Gurdamus limaminsa, Lawal ya zama ladan, Auta ya zama mai yanka, Zaite ya zama alƙali. Aka gina masallaci a gindin itacen nan na tsafi. Sarkin Garazawa da mutanensa ba su yarda ba, in dare ya yi su kan zo su ƙazantar da masallacin, har aka sa masu makamai suna gadinsa daga magariba zuwa asuba. Akwai wani tsohon rubutu na zuriyar Wangarawa da ya kai zuwan Zaite zamanin Rumfa, amma mu a nan mun bi abin da Tarihin Kano ya faɗa.

Wani abu da ya faru a zamanin Yaji shi ne mabuɗin labarin ɗansa. Sa'ad da Yaji ya nufi yaƙi da Santolo, babbar matattarar masu tsafi a kudu da birni, Wangarawa ya roƙa su yi masa addu'a, suka kuwa fita tare da shi, aka ci garin. Watau tun farkon lamari fadawa da barade sun ga sabon addini a matsayin abin da ke ba da nasara a fagen fama. Bayan Yaji ɗan'uwansa Bugaya ya yi shekara 5, shi ne ya umurci Maguzawa su sauko daga Dutsen Fangwai su bazu cikin ƙasa. Da ya rasu aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, Limamin Madatai ya yi masa salla. A cikin wannan gida Kanajeji ya girma. Sunan uwarsa Aunaka.

Yaƙin Umbatu

Tun da Kanajeji ya hau sarauta bai cika zaman birni ba. Kullum yana daji, daga wannan gari ya faɗa wa wancan, waɗansu ya bar su da ransu, waɗansu ya bautar, waɗansu ya kashe. Ya aika wa Kwararrafa yana bin bahasin gandun da suka daina kawowa, suka ba shi bayi 200. Daga nan ciniki ya ƙullu tsakaninsu, shi yana aika musu da dawaki, su suna aiko masa da bayi.

Inda ya fara gamuwa da gamonsa shi ne Umbatu. Masana tarihi suna ɗaukan wannan ƙasa ita ce ta Butawa, cikin duwatsun Ningi, gabas da dajin Falgore. Da wannan suna kuma littafin ya kira mutanen Ningi da suka dami kudancin Kano da hari a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, shekara fiye da 450 bayan Kanajeji. Duk wanda ya san ƙasar ya san ba wurin sukuwar doki ba ce. Mai baka yana bisa dutse, mai doki yana ƙasa a sarari. Kanawa suka yi hasarar mutane ƙwarai, har abin ya sa sarki ya nemi dabara. Shi ne sarkin Hausa na farko da aka ce ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙi. Lifidi rigar auduga ce da aka cusa aka ɗinke, ana sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta maƙale ciki kafin ta kai ga nama. Har yanzu in an yi hawan salla a Kano 'yan lifidi suna cikin masu rufa wa sarki baya.

Duk da haka Umbatu ba ta ciwu da wuri ba. Ya koma wata shekara bai yi nasara ba, ya sake komawa, haka. A karo na ƙarshe ya yi alkawari, yana mai ambaton Allah, ba zai ga gida ba sai ya ga bayan abokan gaba. Ya kafa sansani a Betu shekara 2 cur, ya hana mutane noma, har yunwa ta fito da su. Suka ba shi 'ya'yansu na cikinsu, maza 1,000 da mata 1,000, suka ƙara masa da waɗansu bayi 2,000, kana aka yi sulhu. Kada mai karatu ya bi ta kan wannan lissafi kamar yana duba takardar haraji. Mutum 4,000 ke nan aka raba da gidajensu, rabinsu kuwa iyayensu ne suka miƙa su da hannunsu don kada sauran su mutu da yunwa.

A lura kuma da wannan: a Umbatu ya sha kashi ba sau ɗaya ba, amma bai nemi tsafi ba. Sunan Allah ya kira, ya haɗa da haƙuri da kayan yaƙi.

Turunku Da Gindin Itace

Da shekara ta kewayo sai ya juya wajen Zazzau. A lokacin ba a gina birnin Zariya na yanzu ba tukuna. Ya tafi ya sauka a Turunku, Zagezagi suka fito suka fatattaki rundunarsa, suka bi shi da gori, suna cewa Kano ba kome ba ce sai daji. Sarkin da ya zo da kwalkwali da sulke, wanda bai daɗe da karya Umbatu ba, ya komo gida cikin fushi da kunya. Dutse ne ya hana shi Umbatu, amma a Turunku sarki ne ɗan'uwansa ya kore shi a fili, gorin kuwa ya fi kibiya zafi.

Ya tara mutanensa yana neman shawarar yadda zai yi da Zazzau. Nan Sarkin Tsibiri ya sami ranar da gidansu ya daɗe yana jira. Ya ba shi shawara ya mai da abin bautar da ubansa da kakansa suka rushe. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Kanajeji ya amsa, ya nemi a nuna masa yadda a ke yi.

Ga yadda aka yi. Aka sa shi ya sari reshe daga itacen, aka tarad da jan maciji a ciki, ya kashe shi. Da fatar macijin aka ɗinka huffi biyu, da reshen kuwa aka sassaƙa dundufa 4 da kuntukuru 8. Ya kwashi kayan nan ya kai ruwan Dankwai ya zuba, ya koma gida. Bayan kwana 40 ya je ya tsamo su, ya kai gidan Sarkin Tsibiri, wanda ya ɗinke sauran fatar macijin a jikin gangunan. Sa'an nan Sarkin Tsibiri ya tuɓe rigarsa, ya sa huffin, ya kewaya itacen sau 40 yana waƙar Barbushe. Sarkin Kano ya bi sawunsa, shi ma ya kewaya sau 40. Wannan kuwa shi ne itacen da ubansa ya gina masallaci a gindinsa.

Shekara ta gaba ya sake fita, ya sauka a Gadas. Sarkin Zazzau ya fito aka kara, Kanawa suka kashe shi, suka kashe manyan sarakunansa, runduna ta watse ɗai-ɗai. Kanajeji ya shiga ƙasar Zazzau ya zauna kusa da Kogin Shika wata 8, aka kawo masa gandu mai yawa. Littafin ya adana sunayen manyan baradensa, a ciki akwai Barde Gutu da Jarmai Sabo da Madawaki Babaki da Makama Toro da Lifidi Buzuzu.

To, me ya kawo wannan nasara? Mai tsafi zai ce itace ne. A ganinmu amsar tana cikin rundunar kanta. Salla ba ta daɗe da shiga fada ba, galibin talakawan karkara da a ke tarawa yaƙi suna kan al'adar kakanninsu. Mutumin da aka rushe masa wurin bautarsa, aka kore shi daga dutsensa, ba ya ba da ransa da zuciya ɗaya don sarkin da ya yi masa haka. Ran da ya ga sarki da kansa yana kewaya itacen, ya ji amon gangar da aka sassaƙa daga reshensa, sai ya ga yaƙin nasa ne. Ga kuma 'yan lifidi da suka goge a Umbatu, ga shekara guda ta shiri. Kanajeji ya sayi zuciyar mayaƙansa, kuɗin da ya biya kuwa shi ne abin da ubansa ya gina.

Wani Sarki A Ƙasar Rum

Irin wannan ya taɓa aukuwa a wata ƙasa mai nisa, shekara fiye da 1,000 kafin Kanajeji. Sarkin Rum Kustantin shi ne ya halatta addinin Kirista a daularsa a shekara ta 313, ya kuma ɗaukaka shi. Da ya mutu a 337 sojoji suka karkashe danginsa maza da yawa, a ciki har da ɗan'uwansa, uban wani yaro mai suna Juliyan. Yaron nan an rene shi cikin addinin Kirista, amma ya shaƙu da littattafan Yunanawa na dā, ya koma bautar gumakansu a ɓoye. A 355 aka ba shi riƙon ƙasar da a ke kira Faransa yanzu, a 360 sojojinsa suka naɗa shi sarki a birnin Faris, a ƙarshen 361 daula duka ta komo hannunsa.

Nan da nan ya bayyana abin da ke zuciyarsa. Ya buɗe ɗakunan gumaka, ya mai da yanke-yanke, ya janye gatan da aka ba shugabannin Kirista. Ya umurci matsafansa su riƙa ciyad da matalauta da saukad da baƙi, don ya ga da haka Kirista suka ja mutane. A shekara ta 362 ya kafa doka wadda ta hana malamai Kirista koyad da littattafan Yunanawa a makarantu. A 363 ya tashi daga Antakiya ya tafi yaƙi da Farisa, ya kai har ƙofar Mada'in, kusa da Bagadaza ta yanzu, bai ci birnin ba. A kan hanyar komowa aka soke shi da mashi, ya mutu ran 26 ga watan Yuni, bai cika shekara 2 yana mulki shi kaɗai ba. Sojoji suka naɗa Jobiyan, Kirista, aikin Juliyan ya warware. Kafin shekara 30 ta cika Sarki Tiyodosiyus ya hana yanka wa gumaka ɗungum.

Sarakunan nan biyu sun yi kama, sun kuma bambanta. Kowannensu ɗan gidan da ya kawo sabon addini ne, kowannensu jarumi ne, kowannensu ya waiwayi abin da iyaye suka bari. Amma Juliyan da gaske ya ba da gaskiya ga gumakansa, nufinsa ya juya daula duka da doka. Kanajeji kuwa Zazzau ya ke so ya ci. Littafin bai ce ya rushe masallaci ba, bai ce ya kori Wangarawa ko ya hana salla ba. Ya haɗa biyu ne, liman a dama, Sarkin Tsibiri a hagu, irin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo yana wa'azi a kansa bayan shekara 400.

Abin Da Ya Biyo Baya

Wani zai ce aikin Juliyan ya rushe ne don an kashe shi a yaƙi. To, Kanajeji ai ya ci nasa yaƙin, ya koma Kano da ganima, amma da ya rasu a 1410 wa ya gaje shi? Ɗansa Umaru, malami mai yawan salla, almajirin Ibrahimu ɗan Gurdamus, watau ɗan limamin Yaji. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sa'ad da uban ke kewaya itace, ɗan yana zaure gaban malami. Umaru ya hau sarauta, abokinsa Abubakar ya yi fushi da haka ya tafi Barno shekara 11. Da ya komo ya yi masa wa'azi a kan ruɗin duniya da azabar Lahira, Umaru ya tara Kanawa ya sauka daga gadon da kansa. A zamaninsa ba a yi yaƙi ba, ba a yi fashi ba.

Bayansa 'yan'uwansa Dauda da Abdullahi Burja suka yi sarauta. A zamanin Yakubu ɗan Burja Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga. Sa'an nan Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, tattaɓa-kunnen Kanajeji, ya hau a 1463. A zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano, aka sare itacen nan, aka gina hasumiyar masallaci a gurbinsa.

Ko da ya ke an sare itace, halin haɗa biyu bai bar fada nan da nan ba. A zamanin Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618, aka fara Dirki, watau Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka. Sai Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya ƙi ba da shanu 40 da aka nema don Dirki, ya sa aka fasa shi da gatari. Ba a daɗe ba jihadi ya iso Kano, aka fitad da shi daga birni, aka kashe shi a Burumburum cikin ƙasar Tudun Wada wajen shekara ta 1807. A nan mulkin gidan Bagauda ya ƙare, a kudancin da Kanajeji ya sha fama da maƙwabtansa. Maguzawa kuwa sun ci gaba da zama a ƙauyukan Kano suna noma suna biyan jiziya, daga baya da yawa cikinsu suka musulunta, waɗansu suka shiga addinin Kirista.

Abin Lura

Malaman makaranta su dubi wannan. Juliyan ya gane cewa wanda ya riƙe yara shi ya riƙe gobe, don haka ya kai hannu ga malamai, amma ajali bai ba shi lokaci ba. Kanajeji ya sami shekara 20, ya sami nasara da ganguna da barade, amma ya bar ɗansa hannun malami, malamin kuwa shi ya ci gari. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Aikin da malami ke yi da safe gaban yara 30 ya fi gangar yaƙi nisan amo, ko da ya ke ba mai yi masa kirari.

Masu riƙe da alƙalami a ofis su ma akwai nasu rabo. Wanda ya rubuta Tarihin Kano Musulmi ne, da Larabci ya rubuta, bayan jihadi. Da ya so sai ya tsallake labarin jan maciji don ya rufa wa Kano asiri. Bai yi haka ba. Ya rubuta kashin da aka sha a Turunku kamar yadda ya rubuta nasarar Gadas, ya ƙidaya gangunan, ya ƙidaya kwanakin, ya ƙidaya 'ya'yan mutanen Umbatu. Don ya riƙe amana shi ya sa mu ke da abin karantawa yau.

Ba mu kawo labarin nan don mu zagi Kanajeji ba, ba kuwa don mu wanke shi ba. Ya tafi inda za a yi masa hisabin da ba mu da iko a kai. Jarumi ne mai dabara da naci, wanda ya jure yunwar sansani shekara 2, amma ya kasa jure gorin rana ɗaya. Shugaba ba a sanin abin da ya riƙe da gaske sai ran da al'amari ya ƙi masa, ga kuma mai ba da shawara a kusa da kunnensa yana nuna masa gajeriyar hanya. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.